Motar Ernis da Dutsen Kabarinsa

Zuwa ga yayana, Baike Kubanich,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sassauta muku sanyin Rasha da wahalar aikin gini. Mu nan Kochkor lafiya lau. Mahaifiyarmu, Apa, tana nan da ciwon gwiwarta, amma ta fara cin abinci, jiya har da kanta ta murza taliya. Tumaki sun sauko daga dutse da ƙiba, an kuma gama tonon dankali.

Na san ranka yana nan wajen sadakar cikar shekarar ƙanenmu Ernis, tunda ba su ba ka hutu ba. An yi lafiya, an kafa dutsen kabarinsa, sai dai saura kaɗan dutsen bai isa ƙauyen da aka binne shi ba. Ka tuna a-kori-kurarsa, wadda ya rage wa tsawo da hannunsa har cikinta yana neman shafar ƙasa, kai kana ce masa ya sayi mota ya mayar da ita kunkuru? Tun rasuwarsa Apa ta lulluɓe ta, ta ɗaure makullin a gefen ɗankwalinta. Da masassaƙi ya gama dutsen, baƙi mai nauyin gaske da hoton Ernis a jiki, sai ta ce motar ɗanta ce za ta kai shi maƙabarta, ba wata ba. Mijina Mederbek ya ce mata a yi hayar babbar mota mana, hanyar ƙauye duk duwatsu ce. Ta ce masa shi in ya mutu a yi masa haya, nata ɗan yana da tasa.

Muka gwada a bakin gida da buhunan siminti. Ko rabin nauyin dutsen ba mu ɗora ba, bayan motar ya zauna, tayoyi suka fara gogar jikinta. Mederbek ya ce ai sai a mayar mata da sifirin ɗinta na asali, ta koma tsawonta na da. Apa ta dafa motar ta ce duk wanda ya kwance abin da hannun Ernis ya ɗaura, to ya fara kwance ta tukuna. Wallahi Baike, raina ya ɓaci, na shiga ɗaki na yi kuka. Ga dangi an sanar da su rana, ga dabbar yanka an tanada, mu kuwa muna tsaye muna jayayya a kan ƙarfe.

Saparbek bakanike, abokin Ernis, shi ya kawo shawara. Ya ce akwai wasu jakunkunan roba masu kauri da ake sawa tsakanin gangar motar da ƙarfen tayoyin baya. In za a ɗauki kaya a hura musu iska, motar ta miƙe, in an sauke a sace iskar ta koma ta kwanta. Apa ta tambaye shi ko zai yanke wani abu. Ya ce a'a, sai 'yan ƙusoshi da zai ɗaura. Ta ɗauko kujera ta zauna a garejinsa har ya gama, tana ce masa ta san shi tun yana satar tuffa a gonarta, kada ya yi mata wayo. Ya fito da bakin hurawa biyu a bayan motar, kowane ɓangare da nasa. Ya kuma gargaɗe mu cewa jakar ba ta ƙara wa mota ƙarfi, mu tafi a hankali, kuma ko ba kaya a bar 'yar iska a ciki, in ba haka ba robar za ta matse ta yage.

Ranar tafiya Apa ta hana a kwantar da dutsen, ta ce ba za a kifa fuskar ɗanta ba, ba kuma za a bar shi yana kallon sama kamar gawa ba. Aka jingina shi a tsaye a gefe ɗaya bisa dardumar ulun da ta yi wa Ernis, motar ta karkata. Mederbek ya kama famfo ya yi ta hura wannan ɓangaren har ta daidaita. Apa tana biye a motar maƙwabta, idonta a kan hoton. A mashigin rafi na ji cikin motar ya taɓa dutse, amma muka haye.

Bayan an kafa dutsen an yi karatu da addu'a, Apa ta ce a sace iskar. Mederbek ya sace, ya bar kaɗan, yana zaton ba za ta lura ba. Ta duba ta ce motar ba ta koma yadda take ba. Na gaya mata gaskiya, cewa haka za ta zauna daga yanzu. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta buɗe ƙofar gaba ta shiga ta zauna. Ka san duk roƙon da Ernis ya yi mata yana raye, ba ta taɓa yarda ta shiga ba, wai ba za a ga tsohuwa a motar 'yan iska ba. Muka kama hanya har muka sauko kan kwalta. Can ta shafa kujerar ta ce ashe da daɗin zama, da ta bari ya kai ta kasuwa ko sau ɗaya.

Ka gaida matarka Aisuluu da yara, Nurjigit da ƙaramar Perizat. Mederbek da kawu Jumakadir suna gaishe ka. Apa ta ce in gaya maka, in Allah Ya kawo ka, kai za ka kai ta kasuwa.

Ni ce ƙanwarka,
Burulai