Dawowar Sajan Tamba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Nwachukwu, mai shirya mana fim, ya zo har makaranta yau, ya tsaya bakin taga yana ɗaga mini hannu kamar gobara ta tashi a shagonsa. Na bar 'yan aji huɗu da lissafi na fito. Wai za a yi kashi na biyu na fim ɗinmu, Mutum Shida, kuma da ni a ciki.

Na ce masa ko ya manta ne? Sajan Tamba ya mutu. Ni da kaina na mutu a kan gada, harsashi uku a ƙirji, aka sa ni a makara, duk Birnin Kebbi ta gani. Ya miƙo mini waya ya ce, "Malam Sama'ila, mutane ba su yarda ba. Karanta ka gani." Gaskiyarsa. Saƙo bayan saƙo, kowa Sajan Tamba yake nema. Har da wata da ta rubuta cewa kwana biyu ta yi ba ta ci abinci ba. Ƙarya take yi, amma na ji daɗi.

Ya riga ya shirya dabararsa. Jana'izar nan duk shiri ce, rundunar 'yan sandan ce ta ɓoye Sajan don 'yan fashi su saki jiki. A kashi na biyu zai fito daga cikin kwalekwale a gulbin Argungu, bindiga a hannu. A garinmu ke nan, gaban mutanen da suka san ni tun ina yawo ba wando.

Na ce zan yi tunani. Tunanin me. Na amince tun kafin ya rufe baki.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na gwada rigar sulken da na sa wancan karon. Ta ƙi rufuwa. Tuwon shinkafa ba ya ɓoye kansa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Atisaye na farko a filin bayan unguwar Gesse. Insifekta Rabi'u ya zo, shi ne tsohon ɗan sandan da ke koya mana riƙon bindiga da yadda ake kutsawa cikin ɗaki. Abokin marigayi yayana Dikko ne, tare suka yi aiki, ta haka ma na samo mana shi. Ya yi ritaya amma muryar ba ta yi ba. Ya dube mu mu shida da bindigogin katako ya ce da haka rundunarsu take da tuni ɓarayi sun sayar da su a kasuwa.

Sau biyar na faɗi. Gwiwata ta kumbura. Ban taɓa jin daɗin Asabar kamar ta yau ba tun da aka gama na farko. A aji ni Malam ne mai alli a hannun riga, a nan kuwa in na ɗaga yatsa biyu mutum biyar ke durƙusawa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Saura Inna. Dole in gaya mata da bakina kafin ta ji a bakin wani.

Abin da ya faru wancan karon har yanzu nakan ba da shi a matsayin labarin dariya. Don fim ya yi kama da gaske muka aro makarar masallacin unguwa, muka sayi farin yadi na likkafani, aka cusa mini auduga a hanci. Wani cikinmu ya ɗauki hoto ya ɗora a waya da "Allah ya jiƙan Sajan". Kafin azahar hoton ya kai Argungu. Wayata a kashe saboda ɗauka. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika ɗakin Inna, sai da la'asar na kunna waya na ji ƙanwata Mansura tana kuka. Wata uku Inna ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma biyu ba.

Wannan karon dai labarin mai daɗi ne. Ba mutuwa zan yi ba, dawowa zan yi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Argungu. Na iske Inna a tsakar gida tana juya kifi a kan banda, Mansura na bakace shinkafa. Na kawo mata goro da man zafi. Sai da na ci na ƙoshi sannan na shigo da maganar, a hankali, da dariya.

Na zaci faɗa za ta yi. Ba ta yi ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ma ajiye abin juya kifin. Na ba ta labarin yadda aka yi jana'izar ƙarya, aka ɓoye mutumin a wani gari da wani suna, har iyalinsa ba su sani ba, sai rana ɗaya ga shi. Na ƙara gishiri sosai ganin tana bi na da ido.

Ta ce, "Ana yin hakanga? Su 'yan sanda, suna ɓoye mutum su ce ya mutu?"

Na ce, "Ana yi mana, Inna, aikin sirri ke nan." Don dai in burge ta.

Ta ce, "Shekara nawa suka iya ɓoye mutum?"

Na ce ko nawa ne. Ta gyaɗa kai. Da zan tafi ta ƙulla mini kifi a takarda, ta sa mini albarka mai tsawo. Mansura kuwa ko rakiya ba ta yi mini ba, ban san me na yi mata ba. Na dawo ina waƙa a mota.

Talata, 22 ga Oktoba

Nwachukwu ya nuna mini zanen fosta. Ni a tsakiya, sauran biyar a baya kamar masu rakiya. Na ce masa bai kamata ba. Na tura wa mutum goma sha ɗaya.

Jumma'a, 25 ga Oktoba

Mansura ta kira bayan masallaci. Ba gaisuwa.

Ban iya rubuta duk abin da ta faɗa ba. Inna ta buɗe ɗakin Dikko. Ta share, ta wanke kayansa ta shanya, ta sa an gyara ƙyauren. Jiya wata motar 'yan sanda ta tsaya a bakin titi sayen rake, Inna ta fita ba mayafi.

"Yaya, kai Birni kake, ba ka san komi ba," in ji Mansura. "Shekara ukku tay yi tana cewa ba shi anka rufe ba. Ni kaɗai nis san yadda munka yi tah haƙura. Kai ko kaz zo da tatsuniyakka kat tashe ta."

Na ce ai fim ne. Ta kashe wayar.

Shekara takwas ke nan da aka harbe Dikko a bakin aiki, can gabas, tafiyar kwana biyu daga nan. A ranar aka rufe shi can, kamar yadda addini ya ce. Mu jakarsa kawai aka kawo mana. Na san Inna ba ta ga gawarsa ba, ai ni ma ban gani ba. Amma ni na yi sadakar uku, na yi ta bakwai, na koma makaranta. Ban taɓa tambayar kaina me ta ci gaba da yi a gidan nan bayan an naɗe tabarmi ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na je atisaye. Insifekta ya ce yau kamar buhun albasa nake gudu.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na samu Nwachukwu a shagonsa na kayan lantarki. Na ce ko za a sauya labarin, Sajan ya zama yana da ɗan'uwa mai kama da shi. Ya ce an yi wannan sau dubu, mutane za su jefe mu. Da na gaya masa dalili sai ya rage ƙarar rediyo. Shi ma a Argungu aka haife shi, ya san Inna, ya sha cin kifinta. Ya ce, "Mama Laure? Kai, Malam, ba ka kyauta ba." Daga baya ya gyara ya ce ba mu kyauta ba.

Amma labarin duka a kan dawowar nan aka gina shi. An riga an nemi izinin ɗauka a bakin gulbi, an yi magana da masunta masu kwalekwale. In na fito daga jirgin nan, duk Argungu za ta yi wata guda tana zancen ɗan sandan da aka rufe ya dawo, a kasuwa, a gidan suna, a kunnen Inna. Ya ce in yi shawara zuwa ƙarshen mako, ba zai matsa mini ba.

Ina son fim ɗin nan. Bari in rubuta shi ƙarara tunda ba mai karantawa. Ina son sa fiye da yadda ya kamata mai shekara talatin da shida ya so wasa da bindigar katako.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na kira Inna in ce mata ƙarya na shirya. Ta riga ni magana, wai in na tashi zuwa in taho da sabuwar katifa, ta ɗakin yayanku ta lalace. Na ce to.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Bayan atisaye na bi Insifekta Rabi'u har inda ya ajiye babur. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye shi ko ya ga Dikko da idonsa a ranar. Ya cire hular kwano ya riƙe. Ya ce shi ya yi masa wanka.

Shekara biyu muna tare da mutumin nan yana koya mini yadda ake mutuwa a gaban kyamara, ban taɓa tambayarsa ba. Shi ma bai taɓa faɗa ba, wai ya ga kamar ba ma son a tayar da zancen. Ya je mana gaisuwa lokacin, amma a zaure ya tsaya wurin maza, Inna ba ta gan shi ba.

Na roƙe shi ya raka ni gobe. Ya ce ƙarfe nawa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ban kai katifa ba, na kai Insifekta.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta. Mutumin da ke yi mana tsawa a fili, yau da ƙyar nake jin muryarsa. Ya ce, "Inna, ni niy yi mishi wanka da hannuna. Ni nis sa shi cikin rami." Ta ce mutane na kama da juna. Ya ce, "Awo. Amma akwai tabo ga ƙahwatai ta hagu, nan ƙasan gwiwa, dogo. Ya taɓa ce min ƙugiyar babansu ta."

Ƙugiyar kamun kifi ce, yana ɗan shekara bakwai. Ni kaina na manta.

Inna ta juyo ta fuskance shi. Ta tambaye shi ko an fuskantar da shi alƙibla, ya ce an yi. Ko mutane sun yi yawa a sallar, ya ce sahu huɗu. Ko ya sha wahala, ya ce bai daɗe ba. Ba ni da tabbacin wannan na ƙarshen, kuma ba zan tambaya ba.

Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah shi jiƙan Dikko."

Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa saboda kunya, ko yana raye yayanku take cewa. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai yau. Mansura ta shige ɗaki da gudu. Ni na fita zaure na yi kukan da ban yi ba shekara takwas da suka wuce, Insifekta na zaune kusa da ni yana duba tayar babur ɗin wani.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na gaya wa Nwachukwu a bar Sajan Tamba inda yake. Ya yi mita, ya ce na tsufar da shi, dole ya sake rubuta rabin labarin. Sannan ya ba ni fitila mai caji in kai wa Mama.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau suka fara ɗauka a bakin gulbi, su biyar, wai rundunar na neman wanda ya kashe sajansu. Ina Argungu amma ban leƙa ba. Gwiwar nan ce har yanzu, kuma ga jarrabawar yara ta matso, ba wani abu ba.

Asabar ta uku ke nan a jere da nake zuwa. Mansura ta ce ko an kore ni daga Birni ne. Inna ta raba kayan Dikko ranar Alhamis, ɗakin kuma ta ce a zuba shinkafar bana a ciki, na yini ina ɗaukar buhu.

Wajen la'asar muka jiyo ƙarar abin fashewar da suke harbin ƙarya da shi daga gulbi, yaran unguwa suka kwasa da gudu. Inna ta ce, "Ba ka zuwa ka ga abokanka?"

Na ce sai wani lokaci, akwai sauran buhu shida. Biyu ne suka rage.