Wankan Jego a Bene na Biyar

Unguwar Faisal, Alƙahira
Satumba, 2013

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ciwon gwiwar taki? Ina Baba da su Humaira?

Inna, na sauka lafiya, kin samu takwara. Muna kiranta Ummi, kuma ta ɗauko bakin nan naki na tsiwa. Na so in zo gida ki yi mini wanka kamar kowace 'ya, amma takardar zaman maigidana Malam Ishaq ta mutu tun da ya ajiye karatu ya shiga masana'antar ɗinki, tawa kuwa a jikin tasa take. Filin jirgi ma tsoronsa muke ji. Da asuba yake fita, ba ya dawowa sai an kusa fara dokar hana fita.

Saboda haka ni ce mai jego, ni ce mai yi wa kaina wanka. Ganyen darbejiyar da kika aiko ya iso a bushe, haka nake jiƙa shi. Ina tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, ina fyaɗa wa jikina har banɗaki ya cika da tururi. A nan kaɗai nake jin kamar ina tsakar gidanmu.

'Yarki,
Shafa'atu

Oktoba, 2013

Innata,

Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Na yi ɓarna. Ni da na saba ƙasa ta shanye ruwa, ashe a nan ƙasata rufin ɗakin wata ce. Ruwan ya bi ta tsagar tayil ya jiƙa silin ɗin Hajiya Mahasin, tsohuwar da ke ƙasa da mu, har fentin ya zubo a kan gadonta. Maigidan haya ya hau da kansa yana haki. Da ya ga tukunya da ganye, sai ya ɗauka tsubbu nake yi. Malam ya yi ta bayani da Larabcinsa na littafi, mutumin ko saurare bai yi ba. Ya ce ko in daina, ko mu tattara, ko ya kira waɗanda za su tambaye mu takardu.

Ina za mu da jaririya? Malam ya fitar da tukunyar bai dube ni ba. Na ji haushinsa, na kuma tausaya masa. Yanzu ko Ummi ta yi kuka sai in yi maza in cusa mata nono, kada a tuna muna nan.

Taki,
Shafa'atu

Oktoba, 2013

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin tambaya ko na yi yawon arba'in. Malam ya hana ni titi saboda shingayen bincike, kuma gaskiyarsa ne. Duk da haka na ɗaura atamfar da kika ɗinka mini, na shafa wa Ummi kwalli, na zuba dambun nama a kwano. Na sauka bene ɗaya, na ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya Mahasin, don duk ginin nan ita kaɗai na san sunanta. Na ga inuwar ƙafafunta ta ƙasan ƙofa. Ta daɗe a tsaye, ni ma na daɗe. Ba ta buɗe ba.

Na hau sama, na kwance goyo, na ninke atamfar. Wallahi na yi kuka, Inna.

In dangi suka tambaye ki, ki ce musu na yi yawon arba'in. Ba ƙarya kika yi ba.

A gaida Baba, a sa mu a addu'a.

'Yarki mai kewarki,
Shafa'atu