Buhun da Aka Ciro Daga Kwalbatin Layinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da tsaftar unguwannin Gombe ke wuyansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da waɗanda kuke aiki tare.

Ranka ya daɗe, washegarin ranar da aka kai yayata makwancinta, mazan layinmu a nan Bolari suka fito da shebur da manjagara suna yashe kwalbatin da ke gangaren unguwa. Na fito daga gidan makoki zan je in ƙaro tabarmi, sai na tsaya ina kallo. Suna ta jawo leda da robobi da tsummokara, har wani ya jawo buhu guda cike, an ɗaure bakinsa da ƙyallen atamfa mai ruwan goro. Ƙyallen nan daga tsohon zanena na yage shi. Ni na ɗaure buhun, ni na jefa shi a lambatu lokacin da ruwa ya tsinke. A nan tsaye na gane abin da ya tare ruwan har ya juya ya shiga gidan yayata. Babu wanda ya san buhun nawa ne, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Sunana Hajara, ɗinki nake yi a cikin gida. Yayata sunanta Maryam, amma Adda muke ce mata. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta kai ni ɗakin miji. Gidana yana saman layi, nata yana can ƙasa dab da kwalbatin, kuma ginin ƙasa ne. Wata Talata a daminar bana, bayan la'asar, aka yi ruwa mai ƙarfi. Kwalbatin ya toshe, ruwa ya rasa hanya, ya cika tsakar gidanta ya kwanta a gindin katanga. 'Yarta Amina ta ce Adda tana tsaye tana kwarfe ruwan da roba katangar ta zubo mata. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma komai da sanadinsa, kuma sanadin wannan yana nan bai je ko'ina ba. Shi ya sa na rubuto.

Na farko, ina so ka san yadda muke yi da shara, don ban sani ba ko ana faɗa maka. Motar kwashe shara ba ta shigowa layinmu. Tun da na tare a gidan nan ban taɓa ganinta a ƙofata ba, sai dai in hango ta a babban titi. Don haka kowane gida akwai buhu a bayan ƙofa. Da rani mu tara, mu ƙona abin da zai ƙonu. Da damina kuwa hadari muke jira. Da zarar ruwa ya yi ƙarfi lambatu ya cika, sai ka ga mata suna leƙowa, kowacce ta turo buhunta. Muna cewa ruwa zai tafi da shi. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi inda yake kai shi ba, alhali mun sani sarai.

Adda ma ta sani. In an ɗauke ruwa takan hauro gidana, ƙafarta duk taɓo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ku na sama, an gode, tsarabarku ta iso. Hajara, ashe jiya kifi kika ci, ba ki aiko min da komai ba sai ƙaya." Mu yi ta dariya, in zuba mata ruwa ta wanke ƙafa. Ba ta taɓa yi min faɗa a kan wannan ba. Ta san ba ni da wani wurin.

Na biyu, ba don muna son ƙazanta muke haka ba. A da akwai kango a bayan layi inda kowa ke zubarwa. Kafin damina manoma su zo da amalanke su kwashe bolar su kai gona ta zama taki, har da godiya. Yanzu an gine kangon. Manoman ma sun daina zuwa, sun ce bolar gari ta zama leda da famfas ɗin yara, tana kashe ƙasa tana kashe awaki. In muka ƙona, hayaƙin leda ya cika ɗakunan makwabta, tsofaffi da jarirai su kama tari. Binnewa kuwa, gidan haya ne, tsakar gidan siminti ne. Masu baro sukan karɓa, amma na taɓa bin ɗaya da ido, a bakin wannan kwalbatin ya juye.

Na uku, ban rubuto don in sauke laifina a kanka ba. Buhuna yana cikin abin da ya toshe hanyar ruwa, wannan tsakanina da Ubangijina ne, ina neman gafararsa a kowace salla. Ba kuma diyya nake nema ba, babu abin da za a ba ni ya hauro gidana da taɓo a ƙafa yana min tsiya. Amma bayan sadakar bakwai na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon mata su daina turo shara in ana ruwa. Babu wadda ta musa min. Duk sun san Adda, wasu ita ta yi musu wankan jego. Sai dai kowacce tambaya ɗaya take min: to ina za mu kai? Wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, in kin samo wurin, ki biyo ta ƙofata mu tafi tare." Amsar tambayarsu a wurinka take, ranka ya daɗe, ba a wurina ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna. Gidan da ke jingine da na Adda, wata mata ce a ciki, Ya Falmata muke ce mata. Daga Borno rikici ya koro su, tana tare da mahaifiyarta da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ruwan da ya ka da katangar Adda ya tsaga tasu daga sama har ƙasa, ɗan yatsana yana shiga. Ta gudo daga Borno da tsohuwar a bayanta, ba ta da wani wurin da za ta sake gudu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A turo mota ta kwashe abin da aka yaso daga kwalbatin. A sama mana wuri ɗaya a bakin layi, ko babban mazubi ne ko fili, inda za mu riƙa kai shara, a sa ranar da za a riƙa zuwa ɗauka, a kuma cika alkawarin ranar. In layinmu ya yi wa mota ƙunci, mu za mu fito da sharar har bakin titi a kanmu, mun saba da kaya. In an yi haka, a turo duba-gari ya hukunta duk wadda ta sake jefa buhu a lambatu, ko da ni ce. Amma a fara ba mu wurin tukuna.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa ka gama lafiya, ya jiƙan magabatanka, ya jiƙan Adda tare da su. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka gane kayanka a irin wurin da na gane nawa.

Har zuwa yau da nake rubutun nan, sharar da mazan suka yaso tana jibge a bakin kwalbatin, buhuna yana ciki. Wani sabon buhun ya cika a bayan ƙofata, ban jefa ba, ban kuma san inda zan kai shi ba. Katangar Ya Falmata ba a gyara ba, damina kuma ba ta wuce ba.

Wassalam.

Hajara, ƙanwar marigayiya Maryam,
Bolari, Gombe.