Roba Mai Jan Murfi

Lubna,

Na bi motar farko zuwa Tasawa, ban tashe ki ba. Bakina ne ya yi nauyi.

'Yar robar nan mai jan murfi da na ce maki ba ta komai ba ce, har kika zuba yaji ciki, ta awon fitsari ce. Wata robar na tafi karɓowa asibiti. Zafin da nike ji in na zagaya ya ƙi tafiya, kafson mai tebur bai yi mani magani ba, awon farko kuma bai nuna komai ba. Likita ya ce akwai wata ƙwayar cuta, mikoplasma, da sai an aika fitsari Maraɗi ake ganinta, kuma miji na iya sa wa matarshi. Ya ce ke ma a auna ki, saboda cikin da kike ɗauke da shi.

Robar biyu ya ba ni, tawa da taki. Taki na ƙarƙashin matashi. Kada ki buɗe ta sai gobe da safe, fitsarin farko, sannan in kai ki.

Ki yi haƙuri. Na san tambayar da za ki yi mani. Zan amsa, ko da kaina na ƙasa.

Zubairu