Injin Man da Na Zaɓa wa Muath

Kurayyat, Jidda
Ran 11 ga watan Rajab

Zuwa ga ɗana Isha'aku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Hadjara da yara da dukan mutanen gidanku a Damagaram. Allah ya sa albarka a shagon waldarka, ya kare maka idanunka daga wutar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Uwarka Mastura tana fama da gwiwoyinta, a kan kujera take salla yanzu, amma bakinta bai tsufa ba. Ƙanwarka Haifa ta samu ɗinki a wani shagon abaya, tana fita da safe ta dawo la'asar. Ni kuma idona na hagu ya ƙara hazo. Likita ya ce a yi aiki, na ce masa halas, ya isa, abin da zan gani da shi na gani.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce, kuma ba ta bakin kowa ba ce, shi ya sa na zauna da kaina ina jan baƙaƙen nan da wani akawu Bakano ya koya mini a kan akwatunan kaya lokacin da nake dako a tashar jiragen ruwa. Kwana uku ke nan ina rubutawa. Malam Usman da ya zo umra zai kawo maka ita a rufe. In ka karanta, ka sa ta a wuta.

Maganar ɗanka Muath ce. Shekara goma sha biyu ke nan da aka kama ka ba iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da kai, ka bar mini shi yana da goma sha ɗaya, uwarsa ba ta duniya. Ka ce ga amana. Ban manta ba.

Wata uku da suka wuce ya same ni a tsakar gida bayan azahar, ya zauna kusa da ni, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, da Hausarsa da rabinta Larabci ne, yana so ya sayi injin matse mai, ya gaji da gyaran wayoyi a shagon wani. Isha'aku, ka san abin da wannan magana take a wurina. Uwata Rakia da man gyaɗa ta rene mu a unguwar Ammariyya. Ita da uwarta da ta zo ƙasar nan a ƙafa ta Sudan, su ke soyawa, su daka, su matse a turmi da hannu, ni kuma in ɗauki kwalaben da ƙuli-ƙulin in kai wa alhazai in sun sauka daga jirgin ruwa. Tun rasuwarta babu wanda ya sake matse mai a zuriyarmu. Sai ga jikana ya zo da kansa. Ban tambaye shi man mene ne ba. Ni na ce man riɗi da habbatus sauda, shi kuma ya ce aiwa, ya Sidi, wato haka ne, Kaka.

Ya nuna mini hotuna uku a wayarsa, ya ce in zaɓa tunda na san ƙarfe. Na ɗaya ƙarami ne mai mariƙi, na ce wannan kayan wasan yara ne. Na biyu duk maɓallai, na ce ran da ya lalace sai a kira Bature. Na uku na da faranti biyu na ƙarfe masu kauri da ke ɗaukar zafi, da jak irin na mota a ƙasa. Na buga yatsa a kansa na ce wannan, shi zai yi shekara ashirin. Ya ce iƙamarsa tana hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ana sabuntawa, ko za a sa sunana a kan saƙon. Na ce a sa, har da lambar wayata. Ni na sa hannu ran da aka kawo akwatin.

Ya kai shi ɗakinsa na sama ya riƙa kullewa, wai kar ƙura ta shiga. Sati biyar ban ga ko ɗigon mai ba. In na tambaya sai ya ce yana gwaji. Ka san halina. Wata Juma'a da ya fita na sa aka sauko mini da injin tsakar gida, na sayo riɗi, na kira mutane bayan masallaci su zo su ga sana'ar Rakia ta dawo. Mun kai mu tara. Na soya riɗin yadda take soya gyaɗa, na ƙulle a ƙyalle, na danna jak. Abin da ya fito bai cika cokali biyu ba, ga wani wari kamar an ƙone ɗanyar ciyawa. Aka yi ta dariya, ana cewa ni Amm Khalil, wato Baffa Khalil, zan karya kasuwar mai. Uwarka ta karɓi man ta shafa a gwiwa, ta ce ko man jirgi ne tana so. Abdulghaffar mai bakala, kantin kayan masarufi, ya ɗauke ni hoto ina riƙe da injin ina washe baki, ya tura a zauren unguwa na waya, ya rubuta sunana a ƙasa.

Da aka watse, Abdulghani direban tirela, wanda kuka yi ƙuruciya tare, ya ƙi tafiya. Ya ja ni bayan tankin ruwa. Ya ce ya Ammi, wannan ba injin riɗi ba ne. Ya nuna mini wani abu mai danƙo ruwan ƙasa da ya maƙale a gefen farantin, kamar ƙaro, ya ce in shinshina. Ya ce da irinsa ake matse tabar wiwi a fitar da danƙonta, wanda ya fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba, ya taɓa ganin an kwance wa wani direba mota a kan iyaka saboda shi. Na ce masa ƙarya yake yi, na kore shi daga gidana. Har yau ban je na ba shi haƙuri ba, kuma shi ke da gaskiya.

Da Muath ya dawo ya ga injin a tsakar gida, fuskarsa ta ba ni amsa kafin bakinsa. Bai musa ba. Ya rantse ba ya sayarwa, shi da abokansa biyu ne kawai, Meshari da Mohannad, su ke kawo ganyen shi ya matse, don a gidan tsoho babu wanda zai duba. Haka ya faɗa, gidan tsoho. Ya ce a wasu ƙasashe a shago ake sayar da shi kamar shayi. Na ce masa a waɗannan ƙasashen aka haife shi? Na ce abokansa 'yan ƙasa ne, in abu ya fashe suna da dangi da masu tsaya musu, shi kuwa takarda ɗaya ce ta riƙe shi a nan, kuma kafin a yage ta sai ya yi shekaru a kurkuku. Ya ce to ai sunana ne a kan akwatin, ba nasa ba, kuma ba a ɗaure tsofaffi. Bai faɗa da mugunta ba, Isha'aku, da gaske ya ɗauka dabara ya yi. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Washegari na sa guduma na farfasa injin, na ba masu sayen tsofaffin ƙarafa. Hoton ne ba ya fasuwa. An ce Abdulghaffar ya goge, amma mutum sama da ɗari biyu ne a zauren. Makon jiya wani saurayi da ban sani ba ya tare ni a ƙofar masallaci yana murmushi, ya ce ko akwai sauran mai na sayarwa. Shekaranjiya Mohannad ya daina ɗaga waya, uwarsa ta ce ya yi tafiya, ba ta faɗi ina ba.

Na yanke shawara, kuma gidan nan babu mai goyon bayana. Haifa ta ce a yi shiru, mutane za su manta, in ya yi fitar ƙarshe, aka soke iƙamarsa, ba lalle ya sake shigowa ba. Uwarka ta ce na raba ta da ɗa, yanzu zan raba ta da jika, alhali ba ni na kore ka ba. Kwana shida ke nan sai dai ta turo mini abinci ta hannun Haifa. Shi kansa ya yi kuka, ya ce bai san kowa a can ba, ko zafin garin bai sani ba, a Jidda aka binne uwarsa. Duk na ji. Amma gara ya fita da ƙafarsa da jakarsa da a fitar da shi da ankwa bayan gashinsa ya yi furfura. Na je wurin kafilinsa da kaina na ce ubansa na nemansa, ya sa hannu.

Jirginsa zai sauka Yamai ran Alhamis, 27 ga wata. Ka je da kanka, kar ka aika. Ya fi ka tsawo yanzu, yana da tabo a girar dama. Kar ka doke shi, kar ka yi masa maganar nan a gaban Hadjara ko yara. In ka yi masa Hausa ka yi a hankali, yana ji sarai, amsawar ce ke ba shi kunya. Hannunsa na da kyau a kan ƙarfe, ka ba shi aiki mai gajiyarwa. Kuma ka lura da shi watannin farko, ban san iyakar yadda abin ya kama shi ba.

Shekarata saba'in da tara, na san ma'anar sa shi a jirgin nan. Ka ba ni yaro mai hankali, ga abin da nake mayar maka, kuma ni na zaɓa masa injin da yatsana. Ka yafe mini.

Ka gaishe da Hadjara, da jikata Maha da ƙannenta, da surukinka Malam Abdu. Haifa na gaishe ka. Uwarka ba ta san ina rubutu ba, amma na san tana gaishe ka. Allah ya tsare mana shi har ya iso hannunka.

Ni ne ubanka,
Khalil ɗan Rakia