Dariyar Innarki

Kontagora, 9 ga Afrilu, 1950.

Takarda daga hannun Ɗan'azumi mai goro zuwa ga 'yata Kyauta, a Minna. Gaisuwa mai yawa da sada zumunci. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Audi, Allah ya raba ki da cikin nan lafiya, amin. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatun ubanki wata shida ne a ajin manya, biyu daga ciki ma gyangyaɗi na yi. Inda kika ga baƙi ya kwanta, ba gajiya ya yi ba, haka na haife shi.

Bayan haka, yau kwana arba'in da uku da hukumar En'e ta rufe gari saboda sanƙarau. Ba kasuwa, ba biki, ba zaman makoki. 'Yan doka sun tsare hanyoyi, in ba motar wasiƙu ba ko jaki daga garin Nasko bai wucewa. Goron da na saro na yi ta yayyafa masa ruwa kamar mai jego, har ya gaji da ni ya bushe. Don kada tunani ya kashe ni na kama tufkar igiya, yanzu muna da wadda za ta ɗaure shanu ɗari, alhali akuyarmu ɗaya ce. Ni da maƙwabcinmu Na'Allah ta kan danga muke gaisawa, kowa na duban wuyan ɗan'uwansa.

To, Kyauta, na zagaya na zagaya, dole in shiga ta ƙofa. A takardar watan jiya na ce miki kowa lafiya lau. Ƙarya na yi, innarki tana kwance lokacin. Wata Talata ta tashi ta ce kanta na sara, wuyanta ya ƙi juyawa. Na ce mata ai gajiya ya yi da leƙen tukunyar matar Na'Allah. Ta yi dariya, ta ɗora tuwo. Kashegari ta sake faɗa, na ce bari in kira maƙeri ya ɗiga masa mai. Wallahi tun ranar farko na gane ciwon. Tsoro ne ya kama ni, don ana ta cewa wanda aka kai bukkokin jinya na bayan gari ba ya dawowa, sai na lulluɓe tsoron da raha, yadda na saba yi wa kowane abu. Rana ta uku Gwaggo, 'yar'uwata, ta tarar da ita yashe gindin murhu. Ba ta ko dube ni ba, ta ɗauki mayafi ta kirawo Malam Shadrach, disfensan nan mai ba da magani, mutumin Rijau.

Aka kai innarki bukkokin jinyar, kwana goma sha biyu ta yi can ana ba ta ƙwaya. Allah ya tashe ta, mun gode masa, amma kunnuwan sun tafi. Ba ta jin kiran salla, ba ta jin ko taɓaryar da ke hannunta. Malam Shadrach bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. A hankali ya ce da ranar farko aka kawo ta, watakila da an tsira da jin. Gwaggo ta ce ƙaddara ce, na yarda, amma an ce baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa ba wuyana ya samu ba.

Shekaranjiya da hantsi tana tsintar wake, na zo na durƙusa gabanta, ni da ko gaban Bature Joji ba na durƙusawa sai gwiwa ta yi ƙara. Na ce ta yafe mini, na faɗa mata na sani na yi shiru. Ta dubi bakina yana motsi, sai ta ƙyalƙyale da dariya, har da dukan cinya. Shekara ashirin da shida duk abin da ya fito bakin nan wasa ne, ta ɗauka wani sabo na kawo, ta yi dariyar don kada in ji kunya. Na sake gwadawa, ta ƙara dariya, ta miƙo mini tiren in taya ta.

Ga roƙona. Kada ki taso sai ruwan farko ya sauka an buɗe hanya, an ce shi ke karya ciwon. Haihuwar fari a gida ake yi, innarki har ta tara itacen wankanki ya kai tsayin rumbu. In kin iso kada ki tsaya a zaure kina sallama, ki shigo inda za ta gan ki. In kin huta, ki zauna gabanta ki gaya mata abin da na yi, da hannu ko da ido, yadda kika iya. Fuskarki tana da gaskiya a wurinta, tawa na riga na kashe ta. In ke ma kin yi fushi, kina da hakki.

Gwaggo tana gaishe ki, da Na'Allah da iyalinsa. Ki gai da Audi da surukarki Ruka. Innarki ta ga ina rubutu, ta ce in gaya miki kada ki damu, ubanki na nan yana ba ta dariya kullum.

Ni ne ubanki,
Ɗan'azumi.