Sakamakon gwajin hanjina ya fito

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah ya raba ku da kwanciyar asibiti. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta, amma bakinta na nan garau.

Auta, sakamakon da muke jira ya fito, na ɗan naman hanjina da aka yanka aka aika don a gano irin ciwon dajin da ke damuna da maganin da zai dace da shi. Mako bakwai muka yi muna jira. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke yi wa masu irin ciwona jagora, ita ta yi ta bugun waya tana bin sawunsa. Ita ce ke rubuta mini a bayan kati ƙofar da zan shiga da ranar da zan dawo. Ranar Talata ta kai ni wurin likita tare da matata, ita Sistar ta tsaya a bayan kujerata. Likita ya ce akwai maganin da ya dace da ni daidai, amma ciwon ya riga ya ci hanta, jikina ba zai ɗauka ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Yanzu sai dai a rage mini zafi.

Na rufe shago. Zarto ya fi ƙarfina, kabad ɗin da na fara yi wa babbar 'yata yana can babu ƙofofi. Cokali uku na abinci ke cika ni.

Ga abin da ya sa na rubuto. Gwajin ya nuna irin dajin da ake gado ne. Ciwon cikin da ya ɗauke Baba, wanda muka riƙa cewa gyambon ciki ne, wataƙila shi ne. Sista ta ce ki je a duba jininki da hanjinki, ko da ba kya jin komai. Na san ki da tsoron allura, amma tun ran gini ran zane. Ban gaya wa Inna wannan ba.

Inna da Gwaggo da yara suna gaishe ku. Ki gaishe mini da maigidanki. Na ji kina neman tikitin zuwa. Ki fara zuwa asibiti tukuna. In kin iso kin same ni, to. In ba ki same ni ba, na yafe miki, ki yafe mini.

Naki,
Yaya